Turancin Oga Abednego

A layinsu na Mararaba ba a yin taro sai an miƙa wa Oga Abednego makirfo. Ko suna ne, ko walimar ritaya, ko taron masu gidaje a kan taransifomar da ta ƙone, shi ake kira. Mutumin kudancin Kaduna ne, tsohon direban wata ma'aikatar gwamnati. Ya yi rayuwarsa yana tuƙa daraktoci, yana jin Turancinsu daga kujerar gaba. Abin da ya tsinta ya tsinta, abin da bai samu ba ya ƙera da kansa. In zai yi godiya sai ya gyara murya ya ce, "I thankify you." Zaman lafiya tsakanin maƙwabta, a bakinsa togetherment ne. In an yi rashi, shi ne farkon zuwa da sorrowment ɗinsa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ma'ana, don kowa na ganewa, kuma in ya gama magana mutane kan ji kamar an ƙara musu girma.

Mutum ɗaya kalmomin ke yi wa ƙaiƙayi, wato Malam Shafi'u, maƙwabcinsa na jikin katanga. Malamin Turanci ne da alli ya cinye wa ƙuruciya, ya yi ritaya da fansho maras kauri da littattafai masu kauri. Yana da shiri a wani gidan rediyo a Wuse duk Asabar da safe, mai suna Asibitin Turanci. Shi ne likita. Yakan kawo majinyaci, wato kalma ko jimlar da ya tsinta a allon shago ko a bakin wani, ya karanta ta, ya faɗi ciwonta, masu sauraro su bugo waya su ba da magani. Doka ɗaya shirin ke da ita: ba a faɗin sunan mai kalma, sai dai a ce "wani bawan Allah." Malam na ji da wannan doka. A ganinsa ita ce ta raba shi da masu gulma.

Su biyun kullum bayan la'asar suna buga draf a gindin dogon yaron ƙofar gidan Malam. Shekaru suna haka, kuma Malam bai taɓa gyara wa Abednego ko kalma ɗaya ba. Yana lissafa wannan cikin ayyukansa na alheri.

"Prof, an sa rana," Abednego ya ce wata yamma, yana tura ɗan draf. "'Yata Perpetual za ta tafi. Send-forth ƙarshen watan gobe."

Send-forth shi ne taron addu'a da sallama da ake yi wa amarya a cocinsu kafin ranar aure, inda uba kan tashi ya yi magana a kan 'yarsa a gaban dangin ango.

"Kalmar nan ba ta cikin ƙamus ɗina," in ji Malam, bai ɗaga kai ba. Ya ji an ce Turawan da kansu sun shigar da ita cikin sabon bugu, kuma har yau bai yafe musu ba.

"To ƙamus ɗin naka ya haifi 'ya ya aurar, mu ji me zai kira taron." Abednego ya cinye masa 'ya'yan draf biyu. "Fasto ya ce in taƙaita. Na ce masa, Fasto, na yi magana a auren 'ya'yan mutane har muryata ta tsufa. Wannan tawa ce. Tun ranar da aka haife ta nake shirya maganar nan."

"Allah ya kai mu."

"Amin. Kai ma kana babban tebur. Ka zo ka ji joyfication."

A makon ne Nazeefa, yarinyar da ke shirya masa shirin, ta tare shi a ƙofar situdiyo. Ta ce manaja na maganar ba wani mai maganin basir lokacin shirin.

"Baba, ba raini ba, mutane sun gaji da allon aski da na mai faci. Makon jiya mutum ɗaya ya kira, shi ma lambar wani shiri yake nema."

Malam ya shiga ya zauna. Ya karanta majinyacin da ya zo da shi, wani rubutu daga bayan tifa. Ya faɗi ciwonsa. Ya buɗe layi. Ta bayan gilashi yana ganin Nazeefa tana duba farcenta. Shiru a rediyo ya fi shirun ko'ina tsawo, kuma Malam tsoho ne da ba shi da wani wurin da ake kiransa likita.

"Akwai wani bawan Allah," ya ji bakinsa na cewa, "da ba ya aron kalma a wurin kowa. Masana'anta gare shi."

Ya kawo togetherment. Ya kawo thankify. Da a nan ya tsaya, da sauƙi. Amma ya gyara murya irin yadda Abednego ke yi kafin babbar kalma, ya ja ta yadda yake ja, har da ɗan numfashin nan na ƙarshe. Ashe shekarun da ya yi yana haƙuri a gindin dogon yaro, haddacewa yake yi. Wayoyi suka kama ƙara. Wata mata daga Kubwa ta kasa magana don dariya. Wani daga Lugbe ya ce a yi wa majinyacin allura a harshe. Nazeefa na ɗaga masa babban yatsa ta bayan gilashi.

Da ya dawo gida, matarsa Hajiya Asta tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ba ta yi masa sannu da zuwa ba.

"Na ji ka," ta ce.

"Ban faɗi sunan kowa ba."

"Ai ba ka faɗa ba. Ni ma in na ce akwai wani tsoho mai sanƙo a layin nan da ke gyara wa mai kosai Turanci, ban faɗi suna ba."

"Ilimi ne, Asta. Misali na bayar."

"Allon shago na kowa ne, Malam, kowa na rubuta irinsa. Wannan kuwa shaida ce irin wadda makiyayi ke yi wa saniyarsa a kunne. Ko a kasuwar wani gari aka gan ta an san mai ita." Ta watsar da tsakuwa. "Kuma ka san ba ya fashin shirinka. Har ƙure murya yake, ya ce Prof ɗinmu ne."

Malam ya sani. Ya yi niyyar shiga gidan Abednego a ranar, sai ya ga bai dace ya je da rana tsaka ba. Da la'asar ta yi kuma, Abednego ya fito da allon draf a hammata kamar kullum, ya zauna, ya jera 'ya'ya. Bai ta da maganar ba. Malam ya ɗauki wannan a matsayin sa'a.

Nazeefa ta yanko wurin ta sa a intanet. Kafin Laraba ya zaga wayoyin Abuja. A garin nan mutum na iya wawure abin jama'a a yi masa rawani, amma wanda ya ƙera kalma ba shi da mai ceto, musamman a hannun waɗanda su ma jiya-jiya suka daina cewa "off the light." Asabar ta gaba masu kira ba su bari ya karanta sabon majinyaci ba, sai tambayar Baba Togetherment suke. Malam ya ce a ransa wannan ne na ƙarshe, ya ba su sorrowment. Mako na gaba ma haka ya ce, ya ba su joyfication. Mai maganin basir ya koma wata tashar.

Abednego bai daina zuwa draf ba. Abin da ya daina shi ne Turanci. Malam bai lura ba sai da aka kwana biyu. Prof ya koma Malam. In an kawo musu ruwa sai ya ce, "Na gode, Hajiya," ya sha, ya ajiye kofi. Hausarsa irin ta Abuja ce, mace ta zama namiji, namiji ya zama mace, amma yanzu ko ita a hankali yake taka ta, kamar mai tafiya a gidan suruki. 'Yan acaban bakin titi sun fara kiransa da sabon suna in ya wuce. A taron masu gidaje aka miƙa masa makirfo, ya nuna maƙogwaro ya ce mura. Aka ba wani akanta, ya yi magana daidai, rabin mutane suka tafi sallah tun ba a kira ba.

Ran wata Lahadi Perpetual ta yi sallama a gidan Malam, da kayan coci a jikinta. A falon nan ta koyi karatu tana ƙarama, a kan tabarma, tare da 'ya'yansa. Yanzu tana aiki a wani banki a Garki. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaida Hajiya, ta ƙi zama a kujera.

"Baba Malam, na je gidan su Israel a Gwarinpa." Israel shi ne wanda za ta aura. "Muna cin abinci mamansa ta kunna abin nan a waya. Lauya ce, kullum tana jin shirinka. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce in ta haɗu da mutumin nan sai ta ɗauki hoto da shi."

"Ta san ko wane ne?"

"Ba ta sani ba. Sau biyu suka haɗu da Baba, da gaisuwa kawai aka tsaya." Ta dubi ƙasa. "Ni ma na yi dariyar, Baba Malam. Kowa na yi, ta juyo ta kalle ni, sai na yi."

Hajiya Asta ta tashi ta shiga kicin, ta bar ƙofa a buɗe.

"Da ya buɗe baki a send-forth za su gane," in ji Perpetual. "Kalma ɗaya ta isa. Ni ba kunyarsa nake ji ba." Ta tsaya. "Ko ina ji. Ban sani ba. Da can ban taɓa jin abin a matsayin kuskure ba, maganar Baba ce kawai. Yanzu in ya yi magana muryarka nake ji."

"Me kike so in yi, 'yata?"

"Ka rubuta masa, ya karanta. Ko kai ka yi maganar a madadinmu, a ce muryarsa ta dushe."

"Kin gaya masa?"

"Na kasa."

"Bar mini," Malam ya ce. "Ni na ɓata, ni zan gyara."

Ya yi imani da abin da ya faɗa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a gaban allo gani yake babu ɓarnar da darasi mai kyau ba zai ɗinke ba. Ya kwashe mako yana shiri, ya sauko da littattafan da ya daɗe bai taɓa ba, ya hura musu ƙura. Asta ta ce masa hanyar gidan Abednego ta fi ta Wuse kusa. Ya ce ba ta gane ba, a bainar jama'a aka yi abin, a bainar jama'a za a warware.

Ranar Asabar ya hana a buɗe layi. Ya ce yau likita ne majinyaci. Ya yi bayani mai kyau, watakila mafi kyau da ya taɓa yi. Ya ce babu kalmar da ta faɗo daga sama, kowace akwai bakin da ya fara furta ta, kuma da yawa an yi wa mai bakin dariya. Ya ce Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna liƙa wa kalmomi kai da jela yadda suka ga dama, in nasu ya yi a ce hikima, in namu ya yi a ce jahilci. Ya ce har kalmominmu na titi yanzu suna cikin manyan ƙamus. Yana magana yana jin daɗin muryarsa, yana jin nauyi na sauka daga ƙirjinsa. Daɗin ne ya ja shi.

"Mutumin nan da kuke wa dariya," ya ce, "na fi kowa saninsa. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu a Mararaba. Mutumin kirki ne, ya tuƙa manya bai taɓa ɗaukar allurar kowa ba. Ya ilimantar da 'yarsa har tana aiki a banki, kwanan nan ma zai aurar da ita. Ina neman gafararsa."

Nazeefa ta buɗe layi. Mai kira na farko ya ce, "Likita, Allah ya saka. To ina za a yi bikin? Muna so mu zo mu ji da kunnenmu."

Yana cikin motar haya, a cunkoson Nyanya, wayarsa ta yi ƙara. Perpetual ce.

"Maman Israel ta kira ni," ta ce. Muryarta a daidai take, ta ma'aikaciyar banki. "Na taɓa gaya mata a gidanka na koyi karatu, katangarmu ɗaya. Alfahari nake yi lokacin. Ta ce in gaida Baba, wai duk ƙawayenta za su zo."

Ta kashe wayar. Ya zauna a matse tsakanin wata mai buhun garin kwaki da wani soja, rana na dukan gilashi, motar ba ta motsi.

Da yamma Abednego ya zo, ba allon draf. Takarda ce a hannunsa da biro. Ya yi sallama ya shigo har falo, abin da bai saba ba.

"Oga Abed," Malam ya fara, "wallahi ni..."

"Na ji a rediyo, Malam. Ka nemi gafara, duk Abuja ta shaida." Ya zauna a bakin kujera. "Ba komai. Ni ma na taɓa take akuyar maƙwabci. Ba don na ƙi ta ba, oga ne yake sauri."

Abednego ya shimfiɗa takardar a gwiwarsa.

"Yarinya ta yi mini magana. Ka rubuta mini. Zan faɗa da Hausa, kai ka juya shi yadda ya kamata."

"Ka yi maganarka yadda ka saba. Ko ka yi da Hausar, wa zai hana ka?"

"Mutanen Israel ba su jin Hausa. Kuma yadda na saba, ai shi za su zo kallo." Ya miƙa biron. "Tun da aka haife ta ba ta taɓa roƙona abu tana kuka ba. Rubuta."

Malam ya karɓa. Abednego ya dubi silin ya fara. Ya faɗi yadda naƙuda ta kama matarsa Angela da safiyar wata Litinin, yadda ya ɗauke ta a motar ofis ba da izini ba, yadda cunkoson Nyanya ya riƙe su har yarinyar ta zo duniya a kujerar baya, inda darakta ke zama, wata mai sayar da ayaba ta karɓi haihuwar. Ya ce saura kaɗan a kore shi, kuma da an kore shi da bai yi nadama ba. Ya faɗi yadda take jiransa a bakin titi in ya yi dare, da yadda ta taɓa ɓoye masa makullin mota don kada ya tafi Legas. Malam na rubutawa. Turanci na zuwa masa a goge, kowace kalma da takardar shaidarta.

"Sai ka rufe da cewa ita ce my joyment," in ji Abednego. "Haka nake kiranta tun tana goye."

Malam ya ɗaga biro. "Wannan mu bar ta yadda take."

"Tana cikin ƙamus?"

"Ba ta ciki. Amma..."

"Cire."

"Oga Abed, kalma ɗaya ce, kuma taka ce."

"Ai shi ya sa. Me ake cewa a daidai?"

Malam ya gaya masa. Abednego ya maimaita a hankali, ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba canjin da bai ƙirga ba.

Sauran kwanakin, lokacin draf ya koma lokacin bita. Abednego kan tsaya a gindin dogon yaro da tabarau a karan hanci, yatsa a kan layi, yana karantawa. In ya yi tuntuɓe sai ya ce, "Gyara mini." Malam ya gyara. Abin da ya yi shekaru yana marmarin yi, ga shi an ba shi izini, yana yi yana jin kamar yana fige kaza da ranta. Abednego ɗalibi ne mai naci. Ya daina gyara murya kafin kalma. Ya daina ɗaga hannu. Wata rana Malam ya sake cewa a yaga takardar, Abednego ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Malam, kada ka ƙara gyara mini komai ban da wannan," suka koma layi na uku.

Malam ya gaya wa Nazeefa ba zai sake kawo Baba Togetherment ba. Ta ce ba damuwa, masu kira sun fara ƙera nasu suna turowa, har an buga wata a riga. Bai bar shirin ba. Ya yi tunanin bari, ya kuma yi tunanin Asabar ɗin da babu inda zai je.

Ranar taron, harabar cocin ta cika tun kafin azahar. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, matan zumunta sanye da atamfa iri ɗaya suna kai da kawo da kuloli. Akwai fuskokin da ba na dangin amarya ba, ba na ango ba. An zaunar da Malam da Asta a babban tebur. Uwar ango, doguwar mace mai ɗaurin kai kamar rumfa, ta taso da kanta ta gaishe shi da Turanci mai santsi. Ta ce ita da ƙawayenta ba sa fashin shirinsa, ta ce ya yi wa ƙasa aiki, ta sa aka ɗauke su hoto. Malam ya yi murmushi a hoton. Asta ta mai da hankali kan kwalbar lemonta.

Aka yi waƙoƙi, aka yi addu'a, mata suka ba amarya tukwane da nasiha. Sannan Fasto ya ce uban amarya zai yi magana.

Abednego ya tashi cikin babbar riga sabuwa. Kafin ya kai ga makirfo wayoyi sun tashi sama, daga teburin ƙawayen uwar ango har bayan rumfa inda 'yan acaba suka jingina. Wani ya yi tari irin na gyaran murya, aka yi ƙus-ƙus ɗin dariya. Perpetual na zaune kusa da Israel, ta ƙura wa hannayenta ido.

Ya sa tabarau, ya warware takarda, ya fara. Ya gaida Fasto da dattawa da surukai. Ya karanta labarin kujerar baya da mai ayaba, da murya ɗaya, yatsa na bin layi. Labarin da in da bakinsa ya ba da shi da sai an riƙe ciki, ya wuce kamar sanarwar ɗauke wuta. Ba wanda ya yi dariya a inda ya kamata, don kowa na jiran inda bai kamata ba. Leɓen Malam na motsi tare da nasa. Wayoyi suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Wata a teburin ƙawaye ta ce da ta kusa da ita, a fili, "Anya shi ne?"

Da ya zo layin ƙarshe ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi 'yarsa, ita ma ta ɗago. Malam ya ji kansa yana roƙon abin da bai taɓa zaton zai roƙa ba. Abednego ya mai da ido kan takarda, ya nemo wurin da yatsa, ya karanta abin da ke rubuce. Ya ce, "Thank you," ya ninke takardar.

Aka tafa, tafin da ake yi wa wanda ya taƙaita. Perpetual ta sauke numfashi, sannan ta rufe fuska da mayafi, Angela ta dafa ta. Mai kiɗa ya saki waƙa, aka fara rabon shinkafa, baƙin da ba a gayyata ba suka karɓi nasu suka kama hanya.

Malam ya same shi a bayan rumfa, yana nuna wa masu ba da hayar kujeru inda za su tara kujerun da aka tashi daga kai. Ya tuɓe babbar rigar ya rataya a kafaɗa.

"Oga Abed."

Ya juyo. "Malam. Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Na yi kuskure?"

"Ko ɗaya."

"To madalla," Abednego ya ce. Ya ɗauki kujeru biyu ya bi bayan masu hayar.